Godiya ga mutanen layinmu a kan rashin Duna

Assalamu alaikum. Yau kwana tara da mutuwar Duna, karen gidanmu. Inna ce ta sa ni in rubuta wannan, domin ciwon gwiwa ba zai bar ta ta bi gida-gida ba, ga shi kuma akwai mutanen da suka yi mana abin da bai kamata a yi shiru a kansa ba.

Na san wani zai karanta ya ce, to ai kare ne. Gaskiya ne, kare ne. Sai dai shekara goma sha biyu yana kwana a bakin ƙofarmu, mu muna barci shi idonsa biyu.

Marigayi Baba ne ya kawo shi a 2013, shekarar da muka tare a nan bayan Mando, a Kaduna. Lokacin gidajen layinmu ba su wuce biyar ba, sauran duk gonakin masara ne da kangaye. Daga wata ruga ta wajen Buruku ya karɓo shi, ɗan kwikwiyo baƙi wuluk a cikin kwali. Inna tana gani ta ce ba da ita ba. Baba ya zauna ya ba ta labarin da malamai ke bayarwa na Ibn Abi Zaid mai Risala, wanda katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare; da aka ce masa ai Imam Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Ya ƙara da cewa, "Hajiya, na gadi ne, kuma ba zai taka miki ɗaki ba." A kan haka aka daidaita. Aka ware masa kwanonsa, aka yi masa rumfa a gindin katanga, kuma har ya bar duniya bai taɓa tsallake dakalin da ke shiga tsakar gida ba. Ko ruwan sama ake tsugawa, nan iyakarsa.

Kullum da asuba shi ke raka Baba masallaci. A kwalbatin da ke nesa da ƙofar yake tsayawa, ya zauna har a sallame. Da Allah Ya yi wa Baba rasuwa a 2019, kwana uku Duna bai kalli abinci ba, yana kwance inda Baba ke jingine babur. A rana ta huɗu Inna ta fito da kanta, tana cikin takaba, ta jiƙa ƙanzo da romo ta ajiye masa. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara ba shi abinci sai ita.

Mutanen Mando ba su manta watan Maris na 2021 ba, da aka kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka. Daga nan barci ya ƙaurace wa kowa. Maza suka haɗa sintiri da tocila da gora, Duna kuwa ba wanda ya gayyace shi, ya shige gaba. Mun san haushinsa kala biyu: akwai na akuya ko mage, wanda zai yi sau biyu ya bari, akwai kuma mai kauri wanda ba ya yankewa. Idan aka ji na biyun, duk layin tashi ake yi. Shi ne ya tayar da mu daren da aka haura gidan maƙwabcinmu za a kwance ragunan layya.

Ciwon ya fara ne da daminar nan, lokacin da kaska ta yi yawa. Ya rage cin abinci, na ɗauka tsufa ne, na bar shi har kwana huɗu. Wannan jinkirin yana nan yana cina. Sai da na ga dasashinsa ya yi fari fat, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, sannan hankalina ya tashi.

Godiyata ta farko ga mai Keke Napep ɗin da ya ɗauke mu zuwa wurin likitan dabbobi. Uku na tsayar kafin shi, kowa ya leƙa ya ga kare sai ya ja kekensa, ban kuma ga laifinsu ba. Shi wannan bawan Allah sauka ya yi, ya shimfiɗa buhu, ya kama min muka ɗora shi, ya jira mu kusan awa biyu bai ƙara ko sisi a kan kuɗin da muka yi ba. Ban san sunanka ba, ɗan'uwa, amma idan wannan ya iso gare ka, Allah Ya buɗa maka, Ya tsare ka a kan titi.

Likitan dabbobi, Allah Ya saka da alheri. Ka yi mana bayani dalla-dalla cewa cutar da kaska ke sakawa tana farfasa ƙwayoyin jini, kuma a shekarunsa ƙoda ba lallai ta jure ba. Ba ka ɓoye mana komai ba, ba ka kuma sa mu kashe kuɗi a banza ba. Kwana biyu kana zuwa har gida kana yi masa ƙarin ruwa. Da ka ga katin rigakafin ciwon haukan kare da Baba ya fara cikewa, ni kuma na ci gaba duk shekara, ka ce ka jima ba ka ga cikakke irinsa ba. Na faɗa wa Inna, ta yi hawaye, don ta san aikin wane ne.

Ranar Laraba bayan la'asar ya cika, kansa a kan ƙafafunsa na gaba, yana fuskantar ƙofa.

Samarin layinmu, ku ne kuka fi ba ni mamaki. Ban kira kowa ba. Kuna jin labari kuka zo da diga da shebur, kuka haƙa rami mai zurfi a gindin dalbejiyar bayan gida. Ɗayanku ya ce, "Yaya, wanda ya yi mana gadi ba za a yar da shi a bola ba." Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu yi muku. 'Yan sintiri ma sun zo da daddare sun yi mana jaje, sun ce sun rasa abokin aiki. Mahaucin bakin titi, wanda shekara da shekaru yake tara mana ƙashi a leda ba ya karɓar komai, shi ma har gida ya tako. Ga maƙwabciyarmu, wadda ta bar girkinta ta zauna da Inna har isha, mun gode, Allah Ya bar zumunci.

Sai Malam, limamin masallacinmu. 'Yata mai shekara bakwai ta kwana tana kuka, da safe ta tare shi a hanya ta tambaye shi ko laifi ne a yi wa kare kuka. Malam bai kore ta ba. Ya durƙusa ya ba ta hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Ya tuna mata karen Ashabul Kahfi da ya miƙe zira'insa a bakin kogo. Ya ce mata tausayi ba laifi ba ne. Allah Ya gafarta Malam, ba ka san nauyin da ka sauke wa uban yarinyar nan ba.

Waɗanda suka kira ni suka yi min nasiha kada mu wuce iyaka, ku ma na gode, na san don Allah kuka yi. Ba mu yi masa wanka ba, ba likkafani, ba zaman makoki. Binne shi kawai muka yi, muka ji zafin rashinsa.

Akwai ragowar maganin kaska da sarƙa da sabon kwano a wurina. Duk mai kare a unguwar nan da ke buƙata ya aiko a karɓa, kuma don Allah a riƙa duba kunnuwa da tsakanin yatsunsu da damina. Alhaji na ƙarshen layi da ya ce zai ba mu ɗaya cikin kwikwiyoyinsa, na isar da saƙonka. Inna ta ce tana godiya ƙwarai, amma a ɗan bar ta tukuna, sai bayan kaka.