Daren Jiya da Jitar Bas a Birnin Kebbi

Daren jiya mun yi wasa a wani ɗakin biki a Birnin Kebbi, kuma wallahi har yanzu abin yana raina. Ƙasan ɗakin duk tayil ne, bango babu ko labule. Ina taɓa babbar tsirkiyar jitata ta bas, wadda sautinta yake wajen haz 41 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantakar sauti), sai ɗakin ya ɗauki ruri, gilasan taga suna karkarwa, amma ba ka rarrabe abin da nake kaɗawa. Na ɗauka ƙarfi ne bai isa ba, sai na ƙara murɗa maɓallin bas, wato na sauti mai kauri, a jikin amfilifaya, akwatin da yake ƙara wa jita ƙarfin sauti.

Mai kalangunmu, dattijo ne, ya matso ya ce, "Ɗana, ka binne ni, kai ma ka binne kanka."

Na janyo amfilifaya daga lungu, domin lungu yana ƙara wa sauti mai kauri nauyi. Na mayar da maɓallan sautin amfilifayar guda uku, na mai kauri da na tsaka-tsaki da na siriri, tsakiya, na rage bas kaɗan, sannan na ɗaga na tsaka-tsakin sauti, wajen haz 500 zuwa 800. A nan ne kunne yake tsinkar kowane bugu, kuma shi ne maɓallin da na daɗe ina rainawa. Hannun damana ma na matsar da shi can ƙasa, inda tsirkiya ta fi tauri.

Sautin ya fito tas, kalangu ya samu wurin magana. Da muka shiga waƙar amarya na waiga, na ga Baba mai kalangu yana gyaɗa mini kai.