Talata: allo yana zane-zane, faifai yana kuka, ashe cutar ɗaya ce

Aikin yau kwamfutar tebur ce ta wani ofis, tsohuwa mai furosesa i5, ɗauke da Ubuntu 22.04 (wani nau'in Linux), da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, sanda biyu na DDR3, kowacce 4GB. Ba ta da katin hoto na daban, da na Intel da ke cikin furosesa take aiki. Ƙorafi biyu aka kawo ta da su. Na farko, haruffa suna farfashewa kuma ɗigo-ɗigon launi suna bayyana a allo. Na biyu, da safen nan ta ƙi shiga gaba ɗaya, ta tsaya a baƙin allon initramfs, matakin farko na tashin Ubuntu, da saƙon nan: UNEXPECTED INCONSISTENCY; RUN fsck MANUALLY. Mai ita ya ce karo na uku ke nan cikin wata guda, kuma kowane karo ana buga fsck -y, umarnin da ke gyara tsarin ajiyar faifai ba tare da tambaya ba, ta tashi.

Wannan "karo na uku" shi ya hana ni taɓa fsck. An ɗora wa ɗauke wuta laifi, amma ext4, tsarin da Ubuntu ke jera fayiloli da shi a faifai, yana da kundin da yake rubuta niyyarsa a ciki kafin ya taɓa faifai, idan wuta ta yanke sai ya bi kundin ya daidaita kansa a tashi na gaba. Saboda haka yankewar wuta kaɗai ba kasafai take kai mutum ga gyaran hannu ba. Idan abin yana maimaituwa, akwai mai ɓata bayanan a wani wuri.

Na fara da allo don ya fi sauƙin rarrabewa. Shafin BIOS, wanda ke fitowa kafin Ubuntu ya tashi, ya fito tas. Na canza kebul na VGA, na canza allon kansa, zanen yana nan. Na tayar da ita daga filash mai Ubuntu, zanen ya biyo mu, wato ba direban da ke kan faifai, manhajar da ke sarrafa katin hoto, ba ne. Sai gwajin da na fi yarda da shi: ɗaukar hoton allo daga cikin kwamfutar, a buɗe shi a wata na'ura. Ɗigon ya fito a cikin hoton. Da laifin kebul ne ko na allo, hoton zai fita lafiya lau, domin ana ɗaukarsa ne kafin sigina ta bar kwamfuta. Tunda ya fito, ɓarnar tana cikin ma'ajiyar da ake zana hoton.

Na gwada nomodeset ma: a riƙe Shift lokacin tashi don GRUB, jerin zaɓin tashi, ya bayyana, a danna e, a ƙara kalmar bayan quiet splash, sai Ctrl da X. Allo ya yi kyau, amma kada wannan ya ruɗi kowa. Abin da nomodeset ke yi shi ne hana i915, direban katin hoton Intel, karɓar ragamar allo, sai a koma zane mai sauƙi da ba ya cin ma'ajiya sosai. Alamar ta ɓuya, cutar tana nan. Masu gyara da yawa a nan suke tsayawa, su rubuta shi dindindin a /etc/default/grub su sallami mai kaya, kuma ina ganin wannan cutar da shi ne.

Faifai kuwa na duba shi da smartctl -a /dev/sda, umarnin da ke karanta rahoton lafiyar faifai. Layuka huɗu nake kallo kullum: 5, wato gurabun da suka lalace aka maye gurbinsu, 197, waɗanda ake shakkarsu, 198, waɗanda suka gagara karantuwa, da 199, wanda ke ƙirga kuskuren da kebul na SATA, wato na faifai, ke jawowa. Duka sifili. Faifan lafiyarsa ƙalau.

To, me ya haɗa allo da faifai? RAM. Katin hoton da ke cikin furosesa ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM yake yankar rabonsa. Haka kuma duk abin da za a rubuta a faifai sai ya fara zama a RAM. Idan wani gurbi a sandar yana juya sifili ya koma ɗaya, a allo zai fito a matsayin ɗigo, a faifai kuma ya zama lambar da ba ta dace ba a teburin fayiloli. Fsck ɗin ma a cikin RAM ɗin yake lissafinsa, shi ya sa buga shi da -y a kan sanda mai ciwo yake iya goge abin da ba ya da laifi.

Memtest86+, manhajar gwajin RAM, ya tabbatar. Na yi amfani da sigar 6 daga filash, wadda ta fara aiki da UEFI, magajin BIOS, tun 2022. Kafin ya gama zagaye na farko jan layi ya cika ƙasan allo. Na kashe, na zare wuta, na cire sandunan. Ramukan cike da ƙurar hunturu, don haka na hure su da buluwa, na goge haƙoran sandunan da abin goge fensir, domin sau da yawa ƙazanta ce kawai. Na gwada kowace sanda ita kaɗai, a rami na farko sannan a na biyu. Ɗaya ta wuce a duka biyun, ɗayar ta ba da kuskure a duka biyun. Ramuka ba su da laifi, sanda ce ta mutu.

Sai bayan la'asar, da lafiyayyar sandar ta gama zagaye huɗu babu ja, na koma kan faifai. Daga filash na ɗora shi don karatu kawai, da mount -o ro,noload, na kwashe /home, inda takardun masu amfani suke, zuwa wani faifai da umarnin kwafi rsync. Na sauke shi, na buga fsck -fn /dev/sda2 don in ga ɓarnar ba tare da an canza komai ba, sannan fsck -fy. Fayiloli kaɗan sun faɗa lost+found, inda fsck ke tara abin da ya tsinto, da lambobi a maimakon sunaye. Umarnin file ya nuna waɗanne ne takardu, waɗanne ne hotuna.

Abin da ya fi damuna fsck ba ya iya ganinsa. Yana gyara tsarin ajiya ne, ba ya leƙa cikin fayil. Na manhajoji da sauƙi: debsums -c ya lissafa waɗanda suka saɓa da asalinsu, na sake girka su da apt install --reinstall. Takardun ofis kuwa babu ma'aunin da za a gwada su da shi. Na ce wa mai ita: "Malam, duk takardar lissafin da aka adana cikin watan nan a buɗe ta a gwada da ta takarda, lamba ɗaya tana iya canzawa ba a sani ba."

Ta tashi yanzu ba tare da nomodeset ba, allo garau. Gobe za a nemo sanda mai lamba PC3-12800 irin tata, kuma ita ma sai ta yi zagaye huɗu a Memtest86+ kafin a rufe murfin.