Daga kofin sahlab zuwa furen biri

Lokacin da nake karatu a Alkahira, da sanyi ya shigo ba abin da nake nema kamar sahlab, wani farin kunu mai kauri da ake barbaɗa wa kirfa da gyaɗa da kwakwa. Na sha shi ya fi a ƙirga ban taɓa tambayar da me ake yinsa ba, sai kwanan nan wani abokina da ya zauna Turkiyya yake ce min ai asalinsa garin saiwar wani furen daji ne, wai shi Orchis. Wanda muka riƙa sha a Masar dai yawanci sitacin masara ne kawai, na gasken tsada gare shi, har Turkiyya ta hana fitar da shi waje saboda tono ya yi wa furen yawa.

Sunan ma abin dariya ne, da Girkanci Orchis na nufin 'ya'yan maraina, don saiwar guda biyu ce a ƙasa kamar ƙananan dankali, ɗaya ta bana ɗaya ajiyar baɗi. A ƙasa yake tsirowa ba a jikin bishiya ba, daga Turai da kewayen Bahar Rum har cikin Asiya.

To ga inda abin ya ɗaure min kai. Furen nan ɗan damfara ne wallahi, ba ruwan zaƙi ko ɗigo a cikinsa, kala ce kawai, ƙudan zuma zai zo ya cusa kai bai samu komai ba amma ya fita da ƙullin garin fure manne a goshi, ya faɗa na gaba ba ruwansa da ko iri ɗaya ne ko ba ɗaya ba. Daga nan ake samun barbarar yanyawa a daji, ba hannun kowa.

A Ingila akwai wani tudu, Hartslock, kusa da kogin Thames. Akwai Orchis simia a wurin, wanda furensa sak ɗan biri da hannaye da ƙafafu har da guntun wutsiya, sai kuma Orchis purpurea, ita kamar mace ce da hula da faffaɗan siket. A 2006 sai ga 'ya'yansu sun yi fure, dogaye, sun fi birin girma da ƙarfi, jikin uwa ne hannayen uba, masana suna kiransu Orchis × angusticruris. Ni da na ji sai na tuna alfadari, amma shi alfadari ba ya haihuwa, su kuwa waɗannan wasunsu suna yin iri har su koma su haɗu da iyayen. Shi ya sa wasu suka ji tsoron kar su cinye asalin birin, ga shi da ma ba shi da yawa a Ingila. An dai bar su ana sa ido.

Na so in ce abokina ya taho min da irin in gwada a gida, ashe kamar ƙura yake, kuma ba ya tsirowa sai ya haɗu da wani naman gwari na cikin ƙasa da zai ciyar da shi. Na haƙura, na ce ya taho min da garin sahlab na kanti kawai.