Mun dawo gida, Alhamdulillah

Jiya da la'asar aka sallamo ƙanena daga asibiti. Haƙarƙari uku ne suka karye, har yanzu numfashi sai a hankali, amma da ƙafarsa ya shigo gida. Alhamdulillah.

Ba sai na maimaita turmutsitsin daren bikin ba, wasunku sun riga ni ganin hotunan. Abu ɗaya ne ya ƙi barin idona. Inda titin ya tsuke, a tsaye mutane suka riƙa rasuwa. Likita ya ce ƙirji ne ake matsewa har ya kasa buɗewa ya ja iska, 'yan mintuna sun isa. Ni ƙafata ma ba ta taɓa ƙasa, taro ne ke kai ni yana dawo da ni. Ga ƙeyar yaron nan ina gani, hannu ya ƙi ɗaguwa. Sai wani bawan Allah ya kwanta rub da ciki a kan katanga, ya cafko wuyan rigarsa. Rigar ta yage, ya sake kamo shi ta bel ya ja. Agogon mutumin ya tsinke ya faɗa cikin mutane, ko kallonsa bai yi ba. Allah Ya jiƙan mahaifansa, Ya tsare masa zuri'a, Ya kama hannunsa ranar da babu mai kama hannun wani.

Kawu, na san ba ka so a ambace ka, ka yi haƙuri: kwana goma sha ɗaya kana barci a benci. Yaya Babba da ta biya hoton ƙirji ba a tambaye ta ba, da malamar jinyar dare da ke gyara masa filo idan tari ya taso, Allah Ya saka muku da Aljanna. 'Yan uwan da wayarsu ta ƙi shiga sati biyu kuma, mun san hidima ta yi yawa.

Waɗanda suka rasu, Allah Ya gafarta musu, Ya ba iyayensu dangana.

An ce an kafa kwamiti. Mun yarda da ƙaddara, amma wa ya bari hanya ɗaya ta zama mashiga da mafita? A Itaewon ta birnin Seoul, ranar 29 ga Oktoba 2022, turmutsitsi a lungun da faɗinsa bai kai mita 4 ba ya ci rai 159. Tun ƙarfe 6:34 na yamma ake kiran 'yan sanda, kusan awa huɗu kafin abin ya auku. Iyaye suka ƙi yin shiru, a 2024 kotu ta yanke wa shugaban 'yan sandan yankin ɗaurin shekara 3. Mu ma sunayen masu laifi muke jira, rahoto kaɗai ba zai ishe mu ba.

Masu zuwa dubiya, don Allah ban da runguma, kuma kada ku sa shi dariya. Wanda ya san mai agogon nan ya haɗa ni da shi.