Abin da Kwana Ke Yi wa Ruwa a Cikin Bututu

Lokacin da muka ɗora tankin ruwa a gidanmu, na ɗauka cewa tunda yana can sama, batun ƙarfin ruwa ya ƙare. Sai ga shi famfon da ke gindin tankin yana feso ruwa da ƙarfi, na banɗakin baya kuwa, wanda tazararsa ba ta wuce mita 15 ba, ruwansa siriri yake saukowa kamar zare. Da na bi bututun da ido, sai na ƙirga gwiwa 12, wato abin da masu aikin famfo ke kira elbo, domin an yi ta kewaya ginshiƙai da tagogi da shi don gudun fasa bango.

Wannan ne ya sa na nemi sanin abin da ke samun ruwa idan ya sha kwana. A miƙaƙƙen bututu ruwan tsakiya ne ya fi gudu, na gefe kuwa gogar bango tana rage masa sauri. Da zarar an zo kwana, sai ruwan nan mai sauri ya tunkuɗu zuwa bangon waje, kamar yadda fasinjoji ke karkata gefe guda idan direba ya sha kwana a guje, ruwan da ke can kuma ya zagayo ta jikin bango ya dawo ɓangaren ciki. Ta haka ake samun juyi biyu masu saɓa wa juna, ruwa yana tafiya gaba yana murɗewa, kuma duk wannan murɗiya daga ƙarfin da tsayin tanki ya bayar take ci. Wani masanin lissafi ɗan Ingila, William Dean, shi ne ya fitar da lissafin wannan juyi a shekarun 1927 da 1928, har yau kuma injiniyoyi suna amfani da ma'aunin da ke ɗauke da sunansa, wanda ya haɗa saurin ruwa da faɗin bututu da tsananin lanƙwasa. Duk wanda ya lura da yadda kogi ke cinye gaɓar waje a kwana yana jibge yashi a ta ciki ya riga ya ga ɗan'uwan wannan al'amari.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne girman asarar. A ƙiyasin injiniyoyi, gwiwa ɗaya mai kaifin kwana tana cin ƙarfi daidai da miƙaƙƙen bututu mai tsawon faɗinsa sau 30. A bututun inci ɗaya, wannan kusan santimita 75 ke nan, don haka gwiwoyina 12 sun ƙara wa ruwan tafiyar mita 9 da ido ba ya gani. Kuma idan saurin ruwa ya ninka sau biyu, asarar kan ninka kusan sau huɗu, shi ya sa tsukakken bututu mai yawan kwana ya fi kowanne cutarwa.

A ganina, kuskure ne babba a riƙa auna tsawon bututu kawai ba tare da an ƙirga kwanoninsa ba. Mun zauna da mai aikin famfo muka sake zana hanyar, muka yarda aka huda bango a wuri biyu, aka ƙara faɗin babban bututun, gwiwoyin suka koma huɗu. Ba mu ƙara wa tankin tsayi ko taƙi ɗaya ba, amma bokitin da a da sai an jingina da bango ana jiransa, yanzu kafin mutum ya ɗauko soso da sabulu ya cika.