Alhamdulillah mun dawo da Inna gida

Jama'a Alhamdulillah, jiya da rana muka sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, Inna da ƙafarta ta shiga mota ba keken marasa lafiya. Har yanzu jikina ciwo yake kamar an min duka amma na ce ba zan kwanta ba sai na rubuta wannan.

Duk kun san yadda aka yi tun daga ranar da likita ya ce sai Masar, ba sai na maimaita ba. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne tafiyar kanta. Kano zuwa Alkahira kilomita 3,100 ne ko kusa da haka, jirgin da ba ya tsayawa ko'ina kusan awa 5 yake yi, ni da na saba Kano zuwa Abuja a mota har cewa na yi ai wannan ba komai ba ne. Wallahi ban taɓa ganin awa 5 mai tsawon wannan ba. Mun yi kamar awa 2 a sama numfashinta ya fara sarƙewa, ta riƙe min hannu tana nuna ƙirjinta, na kalli ɗan allon nan na gaban kujera na ga saura kusan awa 3 kuma ƙasanmu ba komai sai sahara, a mota ne ka ce direba tsaya, a nan wa za ka ce wa ya tsaya? Ma'aikatan jirgin suka kawo iskar oksijin Allah ya saka musu, ni kuwa hannuna rawa yake ko abin hancin na kasa riƙewa.

Sai wata Hajiya 'yar kasuwa da za ta saro kaya ta taso daga baya ta ce min "ɗana matsa ka ba ni wuri", ta zauna ta cire wa Inna takalmi ta ɗora ƙafafunta a cinyarta tana matsawa tana karanta Hasbunallahu a hankali, haka har tayar jirgi ta taɓa ƙasa, ko abincinta ba ta ci ba. Ban tambayi sunanta ba, a wurin ɗaukar kaya muka rabu. Hajiya in wannan ya iso gare ki, Allah ya jiƙan iyayenki, ya sa wa kasuwarki albarka, ya ba ki mai riƙe ki ranar da za ki buƙata.

Kawu na Fagge na san za ka yi faɗa amma sai na faɗa, kai ka biya tikitinmu mu biyu. Yaya Babba da ta kwana a kan sallaya tana kuka wai mun wuce lokaci. Da ɗalibin Azhar ɗan Katsina da ya tare mu ya zame mana tafinta sati 3 ko sisi ya ƙi karɓa. Allah ya biya ku da Aljanna Firdausi, ya raba ku da jinya, amin ya Rabbi.

Akwai kuma waɗanda tsakaninsu da gidanmu minti 20 ne a adaidaita, har muka je wata ƙasa muka dawo ko flashin ba mu gani ba. To ba komai, ƙila hidima ce ta yi yawa.

Masu son zuwa dubiya don Allah a bari sai bayan la'asar, tana barci da rana.