Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Lissafin Ninkawa

Makon jiya mun tsaya a inda aka ɗora ni kan teburin bakara, wata cacar karta, a gidan caca a Legas ina rabon karta. Yau maganar ninkawa zan warware, don har gobe ɗan Baffa yana bin dangi yana cewa ni na toshe masa hanyar arziki.

Dabarar da ya zo da ita ana kiranta martingal. Ka zuba naira 1,000, in ka faɗi ka zuba 2,000, sai 4,000, sai 8,000, har ka ci. Da ka ci, asararka ta dawo da ribar 1,000 tak. A baki kam da daɗi. To amma faɗuwa bakwai a jere ta lashe 127,000, zubi na takwas kuma 128,000 ne, duk don dubu ɗayan nan. Baffa, Allah ya jiƙansa, yakan ce garin neman gira ake rasa ido. Shi a kan cinikin gyaɗa yake faɗa, bai san ɗansa zai taras ba.

Faɗuwa bakwai a jere kuwa tana zuwa kusan sau ɗaya cikin 128, ba sai an yi maka asiri ba. In ta zo, iyakar teburi ce ke yanka mutum. Teburin da zubinsa ya tsaya a 100,000 ba zai karɓi na takwas ba, ko da kuɗin na aljihunka.

Sannan ga kamasho. A bakara hannu biyu ake rabawa, ɗaya ana ce masa banka, ɗaya ɗan wasa, ka zuba a wanda kake ganin zai ci ko a kan kunnen doki. In a ɓangaren banka kake zubawa, gidan caca yana cire kashi 5 cikin 100 na abin da ka ci. Ka ci 128,000 ɗin, na tura maka 121,600, alhali ka riga ka zubar da 127,000. Ka ci, kuma kana bin kanka 5,400. Wannan lissafin na rubuta masa a bayan kwalin sigari, ya ce hassada nake. Ni da na biya masa kuɗin mota zuwa Legas ɗin!

Sauran dabarun duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Dalamba tana ƙara zubi ɗaya bayan faɗuwa ta rage ɗaya bayan ci, a hankali take cinye mutum. Faroli tana ninkawa bayan ci har sau uku, ɓarnarta ta fi sauƙi. Babu wadda ke taɓa rabon gida, wato abin da gidan caca ke ci a kan kuɗin da aka zuba in wasa ya yi nisa, kashi 1.06 cikin 100 a banka, 1.24 a ɗan wasa, sama da 14 a kunnen doki.

Waɗanda na ga sun fita da sauran mutuncinsu, katin banki a gida suke barinsa, zubinsu ɗaya ba hawa ba sauka, kuɗin hannu ya ƙare su tashi, ba rance. Su ma asarar suke, ƙarama dai. Bayan shekaru, da Inna ta karanto mini ayar caca ta Suratul Ma'ida, ta haɗa da maganar girar nan ta Baffa, kamar ni ne na zuba.

Sati mai zuwa, filin da aka sayar aka biya bashin.